Littafin awon Baba Tela

Garwa, Lahadi da dare.

Yau aka yi addu'ar arba'in ta Baba Tela. Tun bayan asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka yi sauka, aka raba goro da masa, kafin ƙarfe tara kowa ya kama gabansa, don ranar Garwa ba ta da wasa. Jiya da yamma na iso daga Ngaundare, har yanzu bayana bai yafe wa motar nan ba.

Da hantsi Kawu ya miƙo min makulli. "Je ka buɗe shagon kakanka iska ta shiga. Kada ka ɗauki komai, ba a raba gado ba tukuna." Na ce to, Kawu.

Ɗaki ɗaya ne a bakin titi a Yelwa. Ina turo ƙofa ƙamshin man keke da tsofaffin ƙyallaye ya tare ni. Baƙin keken Singer ɗinsa na nan a lulluɓe, matakin ya goge ya yi sumul daidai inda ƙafarsa ta dama take sauka. Almakashin da yake hana mu taɓawa na kan tebur, an naɗe hannunsa da ƙyalle. Na zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba yana raye.

Baba bai san shekarar haihuwarsa ba. Cewa yake gemunsa ya riga ya fito lokacin da Kamaru ta samu 'yancin kai a 1960, to a lissafinmu ya kai casa'in ko ya ɗara. Da hura gawayin dutsen guga ya fara a shagon ubangidansa, ya daɗe kafin a bar shi ya ɗora almakashi a kan yadin mutane. Yana yawan ba mu labarin jiragen ruwa da ke hawowa Binuwai da damina daga Najeriya, su sauke gishiri su ɗauki auduga da gyaɗa. Zamanin Ahmadu Ahijo kuwa, ɗan garin nan da ya yi mulki har 1982, ya ce babbar riga ta yi kasuwa, kowane ma'aikaci so yake a gan shi da aska takwas ranar Juma'a. A lokacin ya gina gidan da muke ciki.

Sai Janairun 1994, aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100. Shadda ta fi ƙarfin talaka, mutane suka koma gwanjo. Mutumin da ya yi wa manya ɗinki ya ɗaure ƙaramin keken hannu a bayan kekensa na hawa, duk Lahadi ya tafi kasuwar Pitowa yin faci. Yana dab da sittin a lokacin. Babata ta ce ko sau ɗaya tukunya ba ta kwana a kife ba.

Kada in mai da shi waliyyi don ya rasu. Baba yana da zafi. Yaron shago zai wuni yana ɗinki, ya ɗaga rigar ya duba, ya ce a farke duka saboda wuya ya karkace. Yabonsa mafi girma shi ne "ba laifi". Ni kaina na sha tef a baya. Amma zagin da ake yi wa teloli ranar jajibere bai taɓa faɗowa ƙofarsa ba, don azumi na kai goma sha biyar yake daina karɓar aiki, ko nawa za ka ba shi. Alkawari kaya ne, in ji shi.

A aljihun tebur na tarar da littattafan awo, wajen guda tara, an ɗaure su da zare. Daga gaba awon masu kawo ɗinki ne, suna da ajami, lamba da boko. Da na juya ɗaya ta baya sai na ga sunayen 'yan gida. Kowane ɗa da jika da shafinsa, kowace Sallah da layinta: kafaɗa, hannu, tsawo. Ashe tun Sha'aban yake gama namu kafin ya taɓa na kowa. Na samo nawa. Na ga kaina ina girma layi bayan layi, a wani wuri ya rubuta a gefe, "a ƙara yatsa biyu, yaron ya fara tsawo". Mutumin da bai taɓa ce min na yi kyau a riga ba.

Akwai wani shafi mai layi bakwai kacal, sauran takardar fari fat. Sunan mace ne da ban sani ba. Baba da ke rubutu har a bangon littafi don kada takarda ta tafi a banza, wannan bai sake ɗora masa alƙalami ba. Na ɗauki hotuna da waya, na mayar da komai yadda na same shi.

Bayan la'asar na shiga wajen Kaka, tana kan tabarmar takaba da carbi.

"Mai gidana, ka dawo daga shagon kishiyata?" Haka take kiran keken nan tun ina yaro.

Na nuna mata hoton. Ba ta iya karatu ba, sai na karanta mata sunan. Ta daɗe ba ta ce komai ba.

"Yayar uwarka ce. Ƙyanda ta ɗauke ta. Rigar Sallarta ta shekarar ya riga ya yanka, bai ɗinka ba, bai kuma bari na bayar ba." Ta nuna min akwatin da ke ƙarƙashin gado da haɓa. "Tana ciki."

Ban ce ta buɗe ba, ita ma ba ta buɗe ba. Ta tura min kwanon kunun gyaɗa, ta ce in sha kafin ya huce.

Gobe da sassafe zan koma Ngaundare. Makullin na hannuna, na manta ban mayar wa Kawu ba.