Awa shida a Ikko, ni da Baba

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta wuce, gida ya yi tsit, ƙafafuna kuma sun kumbura, amma idan ban rubuta yau ba gobe zan manta rabinsa.

Da safe muka baro Akara bayan bikin 'yar ƙanen Baba a Nima. Jirgin bai fi awa guda a sama ba, sai ga mu a filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja. Jirginmu na Kaduna sai biyar na yamma. Tun a Gana nake tunanin yadda zan zaunar da tsoho mai shekara saba'in da takwas a kan kujerar ƙarfe wuni guda, shi ya sa na sa wani abokina ya samo mana motar shata da direba. Kuɗin ya cije ni, ba zan ɓoye ba, amma ba zan ja Baba cikin danfo da sandarsa da akwatuna uku ba.

Direban yana tsaye a bakin ƙofa da sunana a takarda. Haifaffen Agege ne, kakansa fataucin goro ya kawo shi daga Kano, Hausarsa tana da ɗan gishirin Yarbanci. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Alhaji, ina za mu fara?" Baba bai yi shawara da kowa ba: "Ba Bic za ka kai ni, yaro," wato tsohon bakin tekun garin.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, a tashar Zariya ya yi yawancin aikinsa, kuma rabonsa da Ikko (har yau bai yarda ya ce Legas ba) tun tana babban birnin ƙasa, kafin a koma Abuja a 1991. Da muka hau gadar Third Mainland ya yi shiru. Kilomita kusan goma sha biyu kana tafiya a kan ruwa. Ya ce shi gadar Kata da ta Eko ya sani, wannan sai 1990 aka buɗe ta, a rediyo ya ji labari. Direban ya rage gudu ya nuna mana Makoko ta hannun dama: gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe su, wata yarinya da ba ta fi Ummi jikar Baba ba tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai a tsaye. Na ce ai ga teku. Direban ya ce a'a, Malam, wannan ruwan tafkin Legas ne, teku tana can gaba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Ba Bic ɗin. Muka bi titin Ahmadu Bello, Baba yana murna da sunan Sardauna, yana ta leƙe ta taga yana neman ruwa. Babu. An cike wurin da yashin da aka haƙo daga cikin teku, an yi katangar duwatsu, an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic da dogayen benaye. Direban ya ce a da ruwa kan yi toroƙo ya haye wannan titin har cikin ofisoshi. Na fahimci dalilin, amma da na ga Baba ya sa an tsaya, ya fito ya dogara sanda yana duban shinge, ya ce, "A nan muka ɗau hoto da mahaifiyarku," sai na kau da kai. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, Allah Ya jiƙanta.

A nan na ga amfanin shatar. Ba wanda ya ce mana lokaci ya yi. Direban ya bar shi ya gama tsayuwarsa, sannan a hankali ya ce akwai wani bakin ruwa ta wajen Lekki, ana biyan kuɗin shiga amma teku ce ta gaske. Muka je. Baba ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, na riƙe masa hannu. Igiyar ruwa ta zo ta rufe mana idon sawu, da za ta koma sai ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, har ya ɗan yi tangaɗi ya damƙe ni. Ya yi dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Yana nan yadda na bar shi." Ya sa na zubar da sauran ruwan gorata na cika masa ita, wai jikokinsa su san Allah Ya yi ruwa mai gishiri.

Mun yi azahar da la'asar ƙasaru a wani ƙaramin masallaci a Obalende, muka ci shinkafa a gurguje. Direban ya matsa mu kama hanya tun biyu saboda gosulo, kuma gaskiyarsa. Ya bi da mu ta gadar Kata don Baba ya hango tashar Iddo, inda jirgin ƙasan Arewa yake ƙare tafiyarsa a zamaninsu. Bai nemi a tsaya ba. Ya dai lissafa mini tashoshi da yatsu, Ibadan, Offa, Jebba, Minna, Kaduna, Zariya, kamar mai jan carbi.

Gorar na naɗe ta da leda biyu na cusa cikin babban akwati, tunda ba a shiga jirgi da ruwa a hannu. Daga Kaduna ƙanena ya ɗauko mu, mun wuce Jaji duhu ya yi, muka shigo ta Kwangila bayan isha. Yaran ba su yi barci ba. Ummi ce ta fara tsoma yatsa ta lasa, ta yatsine fuska ta ce wa ya zuba gishiri haka. Baba ya ce ta zauna gobe zai ba ta labari. Ɗazu na shiga rufe masa taga, na tarar ya yi barci da carbi a hannu, takalmansa a bakin ƙofa da sauran farin yashi a ciki.