Ɗan Wudil a garin tumaki

Da aka ce mini aikin kula da tsofaffin da na samu a Skipton yake, sai da na lalubo shi a taswira. Ni a wurina Ingila duk Landan ce. Ashe wani ɗan gari ne a arewacin Yorkshire, sunan ma wai "garin tumaki" yake nufi a tsohon Turancinsu. Na ce to, ɗan Wudil ya zo gida.

Kasuwarsu sau huɗu take ci a mako: Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Ba a ware mata fili ba. Gefen babban titi ake kakkafa rumfuna a kan daɓen duwatsu, har zuwa cocin da ke can sama, bayansa kuma tsohuwar fadar dutse da aka fara ginawa tun 1090. A makon farko sanyi ya kora ni rumfar wata dattijuwa mai safar hannu. Ta ce fam biyar, na taya uku. Ba ta ce albarka ba, ba ta ce in ƙara ba, sai ta ɗaga takardar farashi ta nuna mini da yatsa, tana kirana da kalmar nan tasu mai nufin "masoyi". Kunya biyu ta kama ni lokaci guda. Daga baya na gane har direban bas haka take kiransa.

Karar dabbobinsu tana bakin gari. Can mai gwanjo ke zuba magana kamar ruwan ƙanƙara, manoma na ɗaga gira kawai, an sayar. Babu tafa hannu, babu mai jan rigarka. Ni dai har yau na fi son hayaniyar Juma'ar Wudil.

Aiki ne ya sanar da ni ƙauyukan: Embsay, Gargrave, Grassington. Gonaki duk an kewaye su da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, tumaki a ciki ba makiyayi. Wani tsoho da nake yi wa wanka, da ya ji na san raguna, ya saki jiki da ni. Yanzu kullum sai ya tambaye ni nawa ragon layya ya kai a gida.

Doya, manja da attarugu kuwa, sai na hau jirgin ƙasa zuwa Bradford ranar hutu, in cika jaka biyu in dawo kafin duhun ƙarfe huɗu na hunturu.