Ɗaure fuska da Turanci: abin da jan biro ya koya mini

Duk malamin Turancin da ya duba insha'in ɗalibai masu shirin WAEC ya san jimlar nan: "he frowned his face". Da Hausa yaron ya yi tunani, "ya ɗaure fuska" yake son cewa. Mu in za mu bayyana ɓacin rai sai mun kira sunan gaɓa: taɓe baki, zare ido, haɗe gira. Bature kuwa ya riga ya cusa gaɓar cikin kalmar, "he frowned" ta wadatar. Tun da na lura da haka na daina ba su jerin kalmomi su haddace. Tambayarsu nake yi: ina ne ya motsa a fuskar, kuma me ya motsa shi?

"Frown" ɗin nan ta fi kowace rikici. A Ingila goshi da gira ake nufi, kuma ba lallai fushi ba ne, tela mai fama da zura zare a allura ma yana yin ta. A Amurka kuwa da yawa baki suke dubawa, gefensa biyu sun sauko, irin fuskar nan da ake turawa a WhatsApp. In shan toka na gaske ake so, na maigidan da aka tasa daga barcin rana, to "scowl" ce. "Pout" zumɓura baki ce ta shagwaɓa, "sneer" raini ne zalla, "grimace" kuma yatsine fuska kamar wanda ya kurɓi jiƙon maɗaci.

Harara ce har yau ban gamsu da fassararta ba. Ƙamus zai ba ka "glare", amma wannan kafe mutum da ido ne gaba da gaba. Hararar da uwa ke wa ɗanta a gaban baƙi ta wutsiyar ido ce, ba ta ɗaukar daƙiƙa biyu, yaro ya ajiye naman da ya ɗauka. Sai dai a yi mata jimla guda.

Tsaki ma haka. 'Yan Najeriya "hiss" muke cewa, alhali ga Bature wannan hucin maciji ne. Mutanen Karebiyan mazauna Landan, da su ma suke tsakin, "kiss teeth" suke kiransa. A nan kam ba na saurin jan layi, domin mai duba takardar ma "hiss" ɗin ya sani.