Tarihin Rayuwata kashi na 17: Rediyoyin ƙarƙashin gado

Jama'a assalamu alaikum. Wancan satin na ce zan ba ku labarin zamana a Legas, to ku yi haƙuri abin da ya faru ranar Laraba ya sha gabansa. Uwargida ce tana kakkaɓe ɗaki saboda bikin Auta da ya matso, ta jawo buhu biyu daga ƙarƙashin gado ta zazzage su a tsakar gida ta ce "Malam, yau dai ko ni ko su." Rediyoyin mota ne, na ƙirga guda 23. Pioneer, Kenwood, Sony, JVC, wasu na kaset wasu na CD, wasu ma fuskar ta ɓata tun tuni, akwai wadda kyankyasai suka mayar gidan gado.

Ita tarkace take gani, kuma ban ga laifinta ba. Amma ni wayarin mota na koya a wajen maigidana can gefen Ƙofar Ruwa, Allah ya jiƙansa, kuma ranar da na fara wurgar da wata rediyo da ta ƙone sai da ya ƙwala min bayan sukundireba a ka, ya ce je ka ɗauko ta, abin da ya taɓa yi maka magana ba a jefa shi a bola. Ina da shekara sha huɗu. Har yau in na taɓa wajen sai in ji kamar da ƙulu.

Ba sayensu na yi ba fa. Mutum zai zo ya ce cire min ta kaset sa min ta CD, bayan shekaru shi ɗin dai ya dawo ya ce CD tana tsalle in ya faɗa rami, sa min mai filas, yanzu kuma kowa sai mai allo irin na waya. In ka miƙa masa tsohuwar sai ya ce bar ta nan kawai. Ga kuma na motocin Kwatano, da an cire batir sai rediyo ta ce a ba ta lamba, lambar kuwa tana can Turai wajen mai motar na farko, shi ke nan ta kulle bakinta alhali lafiyarta ƙalau.

Abin haushin shi ne wadda nake so ɗin ba ta cikin buhun. Fijo 504 ta Baba, haɗin Kaduna, Blaupunkt ce a jikinta mai maɓallan ƙarfe da in ka danna sai ka ji ƙas. In za mu ƙauye da sassafe Rediyon Kaduna ne har mu wuce Wudil, daga nan sai kaset ɗin Shata, in ta cinye zaren ni ne mai zaro shi a hankali in naɗe da biro. Baba ya rasu 1999, shekarar da Shata ya rasu, ko arba'in ba a yi ba Yaya ya sayar da motar, da rediyon da kaset ɗin a ciki, ko shawara. Na ce Yaya ai da ka bari na cire rediyon, minti goma ne aikin. Ya ce "kai dai ba ka rabuwa da shirme." Shirme! Shi ne kuma bara ya aiko ɗansa wai in duba masa ko ina da tsohuwar rediyo a sa a gona. Na ba shi, ban ce komai ba, amma na zaɓi wadda ba ta kama tasha sai an doke ta.

To ranar Laraba dai uwargida ta riga ta kira ɗan gwangwan, ya zo da kurarsa da sikeli. Yaro ƙarami, ya ɗaga Kenwood ɗin nan da a zamaninta sai mai kuɗi, ya jijjiga ta ya ce "Baba, wannan ai roba ta fi yawa, tagulla da alminiyam muke nema." Kuɗin da ya faɗa duka buhu biyun ko kwanon shinkafa biyu ba zai saya ba. Na ce dawo Asabar.

Da daddare na ɗauko batir na shimfiɗa tabarma, jar waya da rawaya a kan fulos ɗin batir, baƙa a kan mainos, ina jona su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar sifika. Tara suka yi magana. Wata Pioneer ma da kaset maƙale a ciki, na goge mata kai da auduga da sifirit na canza robar da ta saki, sai ga muryar wani malami yana tafsiri, ban san na waye ba, mai ita ƙila ya daɗe a ƙasa. Na zauna na ji har gefen ya ƙare. Maganar maigidana nake ta ji, yo wannan ai ba taɓa magana ta yi ba, har yanzu yi take.

Mai shayin bakin layi na ba ɗaya, maigadin makaranta ɗaya, yaran shago suka kwashi huɗu. Matattun na farke na cire abin da zai yi amfani, ƙwaryar ta tafi sikeli ranar Asabar, ban fito ba sanda ake aunawa. Ukun da suka rage suna saman wadrof cikin tsohuwar babbar riga, uwargida ba ta sani ba, kuma Auta in kin karanta wannan ki yi shiru.

Labarin Legas sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.