Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sallar da Akawal bai fita ba

A makon jiya na tsaya a inda Baffa ya danƙa mini bargar gidanmu da ke Jahun, cikin garin Bauchi. A 2010 ke nan, shekarar da Sarki Sulaiman Adamu ya rasu aka naɗa ɗansa Rilwanu. Ƙaramar sallah ta faɗo a Satumba, kuma duk mai doki yana ɗokin sallar farko ta sabon sarki. Baffa har ya kai sirdinsa gyara.

Sai Akawal ya fara ɗingishi. Ingarma ne da ya haura shekara 20, kofatonsa na gaba duk sun daddare, gefensu yana ɓarewa. A kan yashi lafiya lau yake tafiya, amma da ya taka tsakuwa ko kwalta sai ya riƙa taka ƙasa a tsorace.

Dawakanmu na hawa ba a saba sa musu takalmi ba, yankan kofato kawai ake yi. Wani abokin Baffa ne ya turo mana wani dattijo da ke yi wa dawakan folo, wato ƙwallon dawaki, takalmin ƙarfe a Jos. Ya ɗaga ƙafar ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya sa wuƙa a kwarin da ke gefen tsokar nan mai laushi ta tsakiyar tafin. Wani baƙin abu ya fito, warinsa ya sa na ja da baya. Ya latsa bangon kofaton da babban yatsa, ya marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

"Alhaji, yau ko nawa za ka ba ni ba zan buga ƙusa a nan ba. Babu inda za ta kama."

Baffa ya ce, "To, sallar fa, Malam?"

"Ka ari doki."

Ya rage tsawon, ya goge bakin kofaton da magagari har ya yi kewaye don kada tsagar ta ci gaba, sannan ya tafi ya tsaya a kan kashin dokin. Ga gero nan ƙwaya-ƙwaya, kaji na tsattsaga. Haƙoran Akawal sun cinye, hatsin da muke zuba masa wucewa kawai yake. Ya ce mini, "Samari, kofato daga sama yake tsirowa, daga bakin gashi. Wanda ya lalace ya lalace. Sabon da zai sauko, abin da ka sa a bakinsa ne." A wata guda kofato bai cika tsiro fiye da santimita 1 ba, shi ya sa kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an yi wata 9 zuwa 12.

Likitan dabbobi ya ƙara mana da nasa. Dusar da muke cika masa tana da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam kaɗan, don haka aka rage ta aka ƙara harawar gyaɗa da ta wake. Geron kuwa sai an ɓarza an jiƙa, kuma ba da yawa ba, domin hatsi in ya yi wa doki yawa yana kumbura cikin kofato, abin da ya fi tsagewa muni nesa ba kusa ba. Aka haɗa da ɗan tunkuza da gishiri, da wani gari mai bitamin da ake kira bayotin, kimanin miligiram 20 a rana. Wannan garin Baffa bai taɓa yarda da shi ba, kullum sai ya yi mitar kuɗinsa.

A ganina aikin da ya fi amfani shi ne wanda ba a biya ko sisi ba. Turken Akawal yana inda ruwan indararo ke taruwa, ya kwana cikin laka da fitsari, rana ta fito kofaton ya bushe ya tsage. Na mayar da turken kan tudu, na zuba yashi, ina kwashe kashi safe da yamma.

Ranar sallah Baffa ya hau aron doki, ya dawo bai ce wa kowa uffan ba.

Sai da hunturu ya shigo dattijon ya dawo. Daga bakin gashi an samu sabon kofato mai santsi, faɗinsa ya kusa yatsa biyu, har ana ganin layin da ya raba shi da tsohon. A ƙafafun gaba kaɗai ya sa takalmi, don su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Mara nauyi ya zaɓa, ƙusoshi sirara, ya kauce wa duk inda tsaga take, ya ce duk mako 6 a cire a yanke a mayar.

Kuɗin motarsa daga Jos duk mako 6 ya fi ƙarfin aljihun Baffa. Da daddare ya kira ni zaure ya ce in shirya kayana, Jos za ni in koyi aikin. Yadda Goggo ta karɓi wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.