Ranar da Umma ta fara hawa jirgin sama

Talata da dare, Unguwar Dosa, Kaduna.

Tun asuba Umma take kan sallaya da carbi a hannu, ko shayi ta ƙi kurɓa. Yau ce tafiyarta Legas wurin ƙanwata da ta haihu, kuma shekarunta sittin da uku ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Mota ta so bi, muka hana ta. Wuni da kwana a hanya, ga ciwon ƙafa, ga halin da hanyoyinmu suke ciki.

Muna wuce Mando ta tayar da zancen Gwammaja, jirgin da ya faɗa kan gidajen mutane a Kano a 2002. Tana Kano lokacin, ta ga hayaƙin da idonta. Daga nan ta koma kan Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, wanda jirginsu ya faɗi a Abuja a 2006 jim kaɗan bayan tashi. Na rasa abin ce mata, don duk abin da ta faɗa ya faru. Ni ma da nake yawan hawa, gabana yana faɗuwa duk lokacin da jirgi ya ɗaga.

A filin jirgi muka tarar hazo ya rufe ko'ina. Aka ce jirgin da zai kwashe su, ita da ƙanena da zai raka ta, bai ma baro Legas ba. Awa uku muna zaune, wasu fasinjoji sai faɗa suke yi. Umma ta raɗa mini, "Ɗan nan, anya ba Allah ne yake nuna mana mu koma gida ba?"

Wani dattijo da ke kusa da mu ya ji ta. Ashe tsohon injiniyan jirgi ne, a kwalejin jiragen sama ta Zariya ya yi karatu. Ya ce, "Hajiya, wannan jinkirin alheri ne. Doka ba ta yarda matuƙi ya sauka ba sai yana iya hango titin jirgi daga nisan da aka ƙayyade." Ya bi tsoronta ɗaya bayan ɗaya, bai gaji ba. Matuƙa biyu ne a gaba. Jirgi mai inji biyu, ko ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai shi ya sauka. Jijjigar da ake ji a sama iska ce, kamar gargada a hanyar ƙauye, kuma waɗanda ke jin ciwo galibi waɗanda ba su ɗaura bel ba ne, don haka kada ta kwance nata. In kunnenta ya toshe, ta riƙa haɗiyar yawu ko ta tauna dabino.

Da na tambaye shi abin da shi yake tsoro, sai ya ce sakaci wajen duba jirgi da gaggawar tashi. Maganar ta zauna mini. Na sha yin ƙorafin jinkiri a wannan zauren, yau kuwa na ji kunyar hakan.

Wajen la'asar gari ya ɗan washe. Umma ta yi addu'ar tafiya a fili, ta riƙe hannun ƙanena suka shige, ba ta waiwayo ba. Ban bar wurin ba sai da na ji ƙarar jirginsu ta ɓace.

Bayan magariba ta kira. Sun sauka lafiya, kunnenta na hagu bai buɗe ba tukuna, ta ce in samo mata lambar dattijon nan ta yi masa godiya. Ban karɓa ba, ko sunansa ban tambaya ba. Ina jiyo kukan jaririyar a bayanta.