Hasumiyar da ta fita daban a Rochesta

Ranar da na je Rochesta daga Landan gaggawa ce ta ci ni. Ina hango tsohon gidan yaƙin garin a bakin kogin Medwe na nufi matakala, burina in hau can sama in ɗauki hoto. Matakalar a murɗe take, ga ƙunci, ga ni da takalmi mai santsi. Na isa ina haki, na leƙa cikin ginin: babu rufi, babu dakali, sai ramukan da azara ta taɓa zama cikinsu, tattabaru suna ta kai-kawo.

Da na sauko, wani dattijo da ke zaune a benci ya tambaye ni ko na lura da hasumiyoyin kusurwa. Na ce masa a'a, Baba. Ya nuna min da sandarsa: uku masu kusurwa huɗu ne, ɗaya kuma kewayayya.

A 1127 Sarkin Ingila Henri na Ɗaya ya damƙa wurin ga babban limamin cocin Kantabari, wanda ya tayar da wannan gini mai tsayin fiye da mita 30. A 1215 manyan ƙasa suka yi wa Sarki Jon tawaye suka shige ciki. Da jifa da duwatsu ya gagara, sai ya sa aka haƙa rami ƙarƙashin kusurwar kudu maso gabas, aka tokare da itace, aka cinna wuta da kitsen aladu 40. Kusurwar ta rufta. Duk da haka na ciki suka ja da baya bayan katangar da ta raba ginin biyu, sai yunwa ce ta fito da su bayan kusan mako bakwai. Da aka zo gyara zamanin Henri na Uku, aka yi hasumiyar a kewaye, don kusurwa ce mahaƙa ke nema.

Ni da na tashi ina ganin ganuwar Kano, wadda aka fara a kusan wannan zamani, na ɗauka kowace katanga don kare talakawa ake yin ta. Wannan kam ta mai mulki ce da dakarunsa. Ƙofarta ma ba a ƙasa take ba, a hawa na ɗaya take, rijiyarta kuma a cikin katangar tsakiya, ana ɗibar ruwa daga kowane hawa ba tare da an fita ba.

Na sake zagaya ginin ta waje a hankali, na tsaya gindin kewayayyar hasumiyar har yayyafi ya kore ni.